Daidaita kanel ɗin Linux domin tsofaffin kwamfutocin Sun SPARC

Kanel shi ne zuciyar babbar manhajar kwamfuta. Shi ke raba lokacin masarrafa tsakanin manhajoji, shi ke kula da ma'adanar RAM, kuma ta hannunsa ake magana da faifai, da allo, da katin sadarwa. Daidaita kanel na nufin zaɓen abin da za a saka a cikinsa da abin da za a bari, kafin a harhaɗa shi daga rubutaccen tushensa. A kwamfutar zamani ba kasafai ake damuwa da wannan aiki ba, domin masu rarraba Linux sukan ba da kanel guda mai ɗauke da direbobi (manhajojin da ke sarrafa na'ura) na dubban na'urori, wuri kuma ba ya ƙaranci. A tsofaffin kwamfutocin ƙwararru irin na kamfanin Sun Microsystems abin ya sha bamban: ma'adana kaɗan ce, manhajar tayarwa tana da iyakar girman da za ta iya ɗauka, yawancin na'urorin ciki kuma ba irin na kwamfutocin kasuwa ba ne. Aikin ba ya yiwuwa sai an san injin ciki da bai.

Injinan da ake magana a kai

An kafa Sun a 1982 a jihar Kalifoniya ta Amurka, kuma a 1987 ya fito da tsarin masarrafarsa mai suna SPARC. SPARCstation 1 ta fito a 1989 da gudun megahaz 20, cikin siririn akwati da ake ɗora allo a kansa. Injiniyoyi da jami'o'i da cibiyoyin bincike ne manyan masu sayen irinta, kuma injinan da babbar manhajar SunOS ko Solaris suke zuwa, ba da Linux ba. A 2010 Oracle ya saye kamfanin.

Ga mai daidaita kanel, sunan da ke rubuce a gaban akwati bai kai ajin injin muhimmanci ba. Ajin sun4c ya ƙunshi SPARCstation 1 da 2 da IPX. Ajin sun4m ya ƙunshi SPARCstation 10 ta 1992, da 5 da 20 na 1994. Duka waɗannan masu bit 32 ne, kuma katunansu na kan SBus, layin Sun na haɗa katuna. Ajin sun4u ya fara da Ultra 1 a 1995, mai masarrafar UltraSPARC ta bit 64. Ultra 5 da Ultra 10 na 1998 sun koma layin PCI da faifan IDE domin sauƙin farashi, saboda haka sun fi sauran kusa da kwamfutar gida. SPARCstation 5 ba ta ɗaukar RAM fiye da megabait 256, ta 20 kuma 512, amma da yawa daga cikin waɗanda suka rage a hannun mutane 32 ko 64 kawai ke cikinsu.

David S. Miller ne ya jagoranci shigar da Linux kan SPARC a tsakiyar shekarun 1990, kuma ya daɗe yana kula da wannan reshe.

A fara da tambayar injin

Kowace kwamfutar Sun ta wannan zamani tana da manhajar cikin allo mai suna OpenBoot, wadda aka gina kan harshen Forth, kuma ita ce tushen ƙa'idar IEEE 1275 ta 1994. Idan aka danna maɓallin Stop tare da A, injin yakan tsaya ya nuna kalmar ok, yana jiran umarni. Umarnin banner yana faɗin samfurin injin, yawan RAM da adireshin Ethernet. Umarnin show-devs yana jero bishiyar na'urori baki ɗaya, probe-scsi kuma yana nuna faya-fayan da ke maƙale da lambar kowanne. Wannan jeri shi ne abin dogaro, domin kanel ɗin kansa daga OpenBoot yake karɓar labarin abin da ke cikin injin. Umarnin lspci da aka saba da shi ba ya ganin komai a kan SBus. Wanda ya tsallake wannan mataki zai yi ta zaɓen direbobi da ka, kuma a injin da tashinsa kaɗai ke cin mintuna, zaɓe da ka asarar yini ce.

Akwai wata matsala da ake yawan ɗora wa kanel alhali ba laifinsa ba ne. Adireshin Ethernet da lambar shaidar injin suna ajiye a wani cip mai batir a cikinsa, M48T02 a sun4c, M48T08 a yawancin sun4m, M48T59 a jerin Ultra. Bayan shekaru kusan talatin batirin ya mutu a mafi yawansu. Alamar ita ce OpenBoot ya yi ƙorafin cewa bayanan IDPROM sun lalace, adireshin ya koma ff:ff:ff:ff:ff:ff, agogo kuma ya rikice. Babu direban da zai gyara wannan. Sai an sauya cip ɗin ko an jona masa sabon batir, sannan a sake rubuta adireshi mai farawa da 08:00:20, wanda shi ne rabon Sun.

Fayil ɗin .config

Duk zaɓin da aka yi yana taruwa a fayil guda mai suna .config a cikin tushen kanel. Kowane zaɓi yana ɗaukar ɗayan uku: y, a gina shi cikin jikin kanel, m, a mai da shi mojul da za a loda daga faifai idan an buƙace shi, ko n, a bar shi. Tushen Linux yana zuwa da samfura biyu na farawa, sparc32_defconfig da sparc64_defconfig. Daga nan ake buɗe make menuconfig a shiga rage kaya. Idan an ɗauko tsohon .config zuwa sabon kanel, make oldconfig yana yin tambaya kan sababbin zaɓuɓɓuka kaɗai.

Harhaɗa kanel na yau a kan SPARCstation kanta abu ne da ba a ba da shawararsa. Ana yin aikin a kwamfutar zamani da manhajar harhaɗawa ta GCC da aka shirya domin SPARC, a ba make ƙimar ARCH da CROSS_COMPILE, sannan a kai sakamakon ga tsohon injin.

Doka ta farko ita ce duk abin da ake buƙata kafin a kai ga faifan tushe, wato faifan da babbar manhajar ke ciki, a ba shi y. Direban SCSI ko IDE, tsarin fayil na faifan, da SUN_PARTITION mai karanta teburin rabon faifai irin na Sun, idan ɗayansu ya zama mojul alhali babu initramfs (ƙaramin tarin fayiloli da ake lodawa a RAM tare da kanel), kanel zai tashi ya tsaya yana cewa ya kasa hawa tushe, domin abin da zai buɗe faifan yana cikin faifan. Ana iya magance wannan da initramfs, amma a injin da RAM ɗinsa bai wuce megabait 64 ba, ya fi kyau a guje shi.

A SPARCstation 5 jerin gajere ne. SCSI_SUNESP domin faifai, SUNLANCE domin Ethernet mai gudun megabit 10, SERIAL_SUNZILOG domin cip ɗin Zilog 8530, sai direban katin hoto guda ɗaya: FB_CG3, ko FB_CG6 ga katunan GX da TGX, ko FB_TCX ga katin S24. Cip ɗin Zilog ya cancanci kulawa, domin ba kafofin siriyal kaɗai yake riƙe ba, ta cikinsa kibod da linzami suke bi. Wanda ya cire shi da tunanin cewa ba ya amfani da siriyal zai sami rubutu a allo amma kibod ba ya amsawa. Ana haɗa shi da KEYBOARD_SUNKBD. Sauti a wannan injin na cip ɗin CS4231 ne, a SPARCstation 10 da 20 kuma na DBRI. Idan injin uwar garke zai zama, a bar sautin gaba ɗaya.

A Ultra 5 da 10 jerin ya canza kusan duka: PATA_CMD64X domin faifai, HAPPYMEAL domin Ethernet mai megabit 100, FB_ATY domin cip ɗin hoto na ATI da ke kan allon uwa, SERIAL_SUNSAB da SERIAL_SUNSU domin siriyal da kibod. Tsohon rukunin direbobin IDE an cire shi daga Linux a sigar 5.14 ta 2021, saboda haka faifan da tsofaffin bayanai ke kira hda yanzu sda ne. Idan manhajojin da ke faifan na bit 32 ne a ƙarƙashin kanel mai bit 64, kamar yadda Debian, ɗaya daga cikin masu rarraba Linux, ta daɗe tana yi a kan SPARC, dole a kunna COMPAT, in ba haka ba ko manhajar farko ba za ta tashi ba.

Zaɓin SMP na injin mai masarrafa fiye da ɗaya ne, kamar SPARCstation 10 ko 20 da aka cika wa gurabe. A injin mai masarrafa ɗaya nauyi ne kawai.

Batun girma

Nan ne aikin ya fi wuya. Manhajar tayarwa ta gargajiya a kan SPARC ita ce SILO, kuma wurin da ake sauke kanel a ma'adana lokacin tashi yana da iyaka. Jagororin shekarun 2000 suna gargaɗin kada kanel mai bit 32 ya wuce kimanin megabait 2.5 kafin matsewa. Matse fayil ɗin ba ya warware komai, tunda girmansa bayan an buɗe shi ake aunawa. Kanel ɗin Linux kuwa kullum ƙara ƙiba yake yi, har ma sassan da ba a iya cirewa.

Dabarun da ake bi sanannu ne. A kunna CC_OPTIMIZE_FOR_SIZE domin GCC ya fifita ƙanƙanta a kan sauri. A kunna EXPERT domin ɓoyayyun zaɓuɓɓuka su bayyana. A cire USB da Bluetooth da sadarwar iska, waɗanda SPARCstation ba ta taɓa sani ba. A bar tsarin fayil ɗaya a jiki, sauran su zama mojul. A ƙarshe a aske fayil ɗin da umarnin strip. Wasu sukan fara daga make tinyconfig, wanda kusan babu komai a cikinsa, su riƙa ƙarawa ɗaya bayan ɗaya. Hanyar tana da tsawo, amma mai binta yakan san dalilin kowane layi da ke cikin .config ɗinsa.

Akwai ragin da bai kamata a yi gaggawarsa ba. Cire KALLSYMS yana rage girma sosai, sai dai idan kanel ya faɗi, lambobi zalla zai zubo maimakon sunayen ayyukan da suka jawo faɗuwar. A injin da masu gwada shi ba su da yawa a duniya, rahoton kuskure mai karantuwa yana da daraja fiye da 'yan kilobait ɗin da aka tsira da su.

Tayarwa da gwaji

Hanya mafi sauƙi ta gwada sabon kanel ita ce ta wayar sadarwa, ba tare da taɓa faifai ba. Idan aka rubuta boot net, OpenBoot yakan nemi adireshin IP ta RARP, sannan ya jawo fayil ta TFTP. Sunan fayil ɗin shi ne adireshin IP a rubutun lissafin goma sha shida, a injinan sun4m kuma a ƙara .SUN4M a ƙarshe. Tsofaffin OpenBoot suna son fasalin a.out, don haka akan juya fayil ɗin da elftoaout. Idan an kunna IP_PNP da ROOT_NFS, har faifan tushen ma yana iya zama a wata kwamfutar, abin da ke da amfani ganin cewa faya-fayan SCSI na wancan zamani suna ta mutuwa.

Idan aka cire kibod kafin a kunna injin, OpenBoot yakan mai da komai kan kafar siriyal ta farko da gudun 9600. Wannan ya fi sauƙi a kan neman allo mai kan 13W3 da zai karɓi 1152 sau 900, kuma yana ba da damar adana duk saƙon tashi. Sai dai a kula: kashe na'urar da ke ɗaya bakin wayar yana iya aika siginar BREAK, wadda injin ke ɗauka daidai da Stop da A, sai ya tsaya cak.

Lambobin faifai ma suna rikita sabon shiga. A SPARCstation faifan tayarwa yana kan lamba 3, na'urar CD kuma kan lamba 6. Linux yana raɗa suna ne bisa jerin da ya tarar da su, don haka idan akwai faifai na biyu a lamba 1, shi zai zama sda, na tayarwar ya koma sdb. A teburin rabo na Sun gurabe takwas ne, na uku kuma bisa al'ada yana wakiltar faifan baki ɗaya, ba a taɓa shi. SILO yana karanta ext2 da ext3, shi ya sa ake ware ƙaramin yanki na /boot a farkon faifai. Kafin a kai ga ainihin injin, manhajar QEMU tana kwaikwayon SPARCstation 5 a kwamfutar zamani, kuma tana isa a gane ko an manta wani muhimmin direba.

Inda tallafi ya tsaya

Linux ya daina tallafa wa sun4c a sigar 3.5 ta 2012. Debian ta bar injinan bit 32 bayan fitowar Etch ta 2007, sannan SPARC gaba ɗaya ya fita daga fitowarta ta hukuma a Jessie ta 2015, ko da yake reshen sparc64 yana raye a hannun masu sa kai, haka ma a Gentoo. A 2020 an kawo shawarar cire sun4m daga kanel saboda ƙarancin masu gwaji. Abin da ya fi riƙe reshen bit 32 a yau shi ne masarrafar LEON, wadda ta samo asali daga Hukumar Sararin Samaniya ta Turai kuma ake sakawa a taurarin ɗan'adam.

Ci gaba da gwada kanel a waɗannan injina ba sha'awar kayan tarihi ba ce kawai. SPARC yana jera bait daga babba zuwa ƙarami, saɓanin masarrafan Intel da AMD, kuma ba ya yafe karanta bayanai daga adireshin da bai daidaita ba. Nan take manhajar za ta faɗi da siginar SIGBUS. Kurakuran da ke kwance shiru a kwamfutar zamani sukan fito fili a nan, gyaransu kuma kowa yake amfana.

Mai riƙe da SPARCstation 1 ko 2 ko IPX, hanyar da ta fi dacewa da shi ita ce NetBSD, wata babbar manhajar daban mai tsarin Unix, wadda har yanzu take tallafa wa sun4c da sun4m. OpenBSD ta ajiye reshen bit 32 bayan sigar 5.9 ta 2016, ta ci gaba da sparc64. A NetBSD babu menu: ana kwafar fayil ɗin GENERIC da ke sys/arch/sparc/conf, a ba shi sabon suna, a kwatanta shi da saƙon tashi da umarnin dmesg ya nuna, a toshe layin kowace na'urar da ba ta bayyana ba. Daga nan build.sh yana gina kayan harhaɗawa da kanel ɗin a kan kowace kwamfuta mai tsarin Unix, har da mai Linux.