Ma'anar "rigakafin gurɓatawa" a masana'antar sinadarai

Wanda ke karanta rahotannin kamfanonin sinadarai ko takardun hukumomin muhalli zai riƙa cin karo da maganganu biyu masu kama da juna: shawo kan gurɓatawa, da rigakafin gurɓatawa. Da yawa na ɗauka abu guda ake nufi. Ba haka ba ne, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ce ke yanke hukuncin ko guba za ta kai ga kogi da huhun jama'a ko ba za ta kai ba. Shawo kai shi ne ka bar dattin ya samu, sannan ka tare shi a bakin bututu. Rigakafi kuwa shi ne ka gyara aikin tun daga tushe, yadda dattin ba zai samu ba, ko ya samu kaɗan, ko ya fito ba da dafin da aka saba ba.

Bari mu fara duba shawo kai da kyau, domin ba abin rainawa ba ne. A masana'antar da ke fitar da iska mai asid, akan bi da iskar ta cikin wata doguwar hasumiya, ana yayyafa mata ruwan soda daga sama tana tasowa daga ƙasa, ruwan ya kama asid ɗin, iskar ta fita da sauƙi. Ruwan dattin masana'anta kuma akan tara shi a manyan kwatamai, a daidaita tsaminsa, a zuba abin da zai sa ƙarafa masu guba su dunƙule su kwanta a ƙasa, sannan ƙananan halittu irin su bakteriya su cinye ragowar. Sharar da ta fi haɗari akan ƙone ta a tanderu na musamman. A dokar Tarayyar Turai, idan sharar na ɗauke da kulorin da yawa, dole zafin ya kai digiri 1,100 na aƙalla daƙiƙa biyu.

To amma ina gubar ta tafi? Asid ɗin da aka cire daga iska yanzu yana cikin ruwa. Ƙarfen da aka cire daga ruwa yanzu yana cikin laka. Lakar an ƙone ta, ta bar toka, tokar kuma sai an nema mata rami mai shimfiɗa da za a yi ta sa wa ido shekara da shekaru. Ƙarfe irin dalma ko zaiba ba ya ƙonewa ya ɓace, wuri kawai yake sauyawa. Wannan ne ya sa masana suka fara cewa a koma baya a tambayi aikin kansa: me ya sa yake haifar da wannan dattin?

Kamfanin 3M na Amurka ya fara wani shiri a kan wannan tunani tun 1975, da hujjar cewa hana datti riba ce, domin duk abin da ya fita ta bututun shara kaya ne da aka saya da kuɗi. A 1990 majalisar dokokin Amurka ta yi doka da sunan rigakafin gurɓatawa, ta jera matakai bisa fifiko: a rage daga tushe, abin da ya gagara a sake sarrafa shi, abin da ya gagara nan a yi masa magani, binnewa ko zubarwa kuwa sai an rasa yadda za a yi. A ma'anar wannan doka, matakin farko ne kaɗai ainihin rigakafi. Sauran duk aikin bayan ɓarna ne, ko da an yi su da kyau.

Zaiba ita ce misalin da ya fi fito da ma'anar fili. A garin Minamata na Japan, masana'antar kamfanin Chisso tana amfani da sinadarin zaiba wajen gaggauta wani haɗi, tana zubar da ruwan dattin a teku. Gubar ta taru a jikin kifi, ta shiga jikin masunta da iyalansu, ta lalata musu jijiyoyi da ƙwaƙwalwa, har jarirai aka riƙa haifa da cutar. An gano cutar a hukumance a 1956, amma ba a daina wannan aikin ba sai 1968. Shekara goma sha biyu ana ganin marasa lafiya, ruwan na ci gaba da kwarara. Duk lokacin da na tuna wannan tazara sai raina ya ɓaci.

Akwai wata sana'ar da ita ma ta daɗe tana dogara da zaiba, wato samar da kulorin da soda ta hanyar ratsa ruwan gishiri da lantarki. A tsohuwar hanya, zaiba ce ke malala a ƙasan tukunyar, tan-tan a masana'anta guda, kuma komai tsantseni sai wani abu ya sulale ta iska ko ta ruwa ko ta cikin kayan da aka sayar. An yi ta ƙara matatu, ana rage asarar. Abin da ya kawo ƙarshen matsalar shi ne sabuwar tukunya mai tantani a tsakiya, wadda ba ta buƙatar zaiba ko ɗigo, kuma ta fi tsohuwar tsimin lantarki. Tarayyar Turai ta rufe babin tsohuwar hanya a ƙarshen 2017, yarjejeniyar Minamata ta 2013 kan zaiba kuma ta ɗora sauran ƙasashe a kan wannan turba. Masana'antar da ba ta sayo zaiba ba, ba ta da zaibar da za ta zubar. Ainihin rigakafi ke nan.

Haka tunanin yake a ɓangaren haɗari na farat ɗaya. Trevor Kletz, injiniya ɗan Ingila da ya yi aiki a kamfanin ICI, ya shahara da wata magana tun 1978, cewa abin da ba ka ajiye ba ba zai yi yoyo ba. Shekara shida bayan haka abin da ya faru a garin Bhopal ya tabbatar da zancensa. A daren 2 ga Disamba 1984, ruwa ya shiga tankin wani sinadari mai guba da ake kira MIC a masana'antar maganin ƙwari ta Union Carbide a Indiya, wajen tan 40 na iska mai guba ta lulluɓe unguwannin da ke kewaye. Gwamnatin jihar ta tabbatar da mutuwar mutum 3,787, wasu ƙididdigar sun ninka haka, waɗanda suka shaƙa kuwa sun haura rabin miliyan. Masana'antar tana da na'urar sanyaya tanki, da hasumiyar wanke iska, da bututun ƙona iska. A wannan dare babu wadda ta yi aikinta. Kuma MIC ba shi ne kayan sayarwa ba, mataki ne kawai a tsakiyar haɗi. Bayan bala'in, kamfanin DuPont ya sauya tsarin wata masana'antarsa a jihar Texas, ana haɗa sinadarin ana cinye shi nan take a mataki na gaba, ba a tara shi a tanki. Na'urar kariya na iya lalacewa, ana iya kashe ta don tsimin kuɗi, mai kula da ita na iya yin sakaci. Tankin da babu shi ba ya fuskantar ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Ana iya auna rigakafi da lissafi. Masanin kimiyya Roger Sheldon ya kawo ma'auni mai sauƙi a farkon shekarun 1990: kilo nawa na shara ake samu a kan kowane kilo na kaya? A manyan sinadarai na yau da kullum bai cika wuce kilo biyar ba, amma a harhaɗa magunguna yakan kai 25 zuwa 100, galibi ruwan narkarwa ne, wato sinadarai masu ruwa-ruwa da ake narkar da kayan haɗi a ciki ko a wanke su da su. Maganin ciwon jiki ibuprofen da can sai an bi matakai shida, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari ne kawai na kayan haɗin ke shiga cikin maganin. Sabuwar hanya mai matakai uku da aka fara a 1992 ta kai wajen kashi 77.

Ba kullum ne sai an sake gina masana'anta ba. Wani rigakafin aikin haƙuri ne na yau da gobe. Ma'aikaci na zagayawa da ƙaramar na'ura a hannu, yana kai bakinta ga kowane bawul da kowace mahaɗar bututu, dubbai a masana'anta guda. Inda ta nuna tururi na fita sai ya rataya alama, masu gyara su zo su ɗaure ko su sauya roba. Ruwan narkarwa da aka yi aiki da shi akan tafasa shi a tace a mayar cikin aiki. Tanki kuma akan kewaye shi da katangar siminti wadda za ta riƙe fiye da abin da ke cikinsa in ya fashe. Wannan na ƙarshe ya fi kusa da shawo kai, amma darasinsa da tsada aka saye shi: a Nuwamba 1986 gobara ta tashi a rumbun kamfanin Sandoz kusa da birnin Basel na Switzerland, ruwan da aka kashe wutar da shi ya kwashi magungunan ƙwari ya zuba a kogin Rhine, kifaye suka mutu har nisan ɗaruruwan kilomita. Tun daga nan aka ɗauki tanadin wurin tara ruwan kashe gobara da muhimmanci.

Kalmar tana da farin jini yanzu, don haka ana yawan aron ta. Kamfanin da ya kwashe sharar da yake zubarwa a kogi ya miƙa wa ɗan kwangila ya kai wani wuri bai yi rigakafi ba. Wanda ya rufe sashen da ya fi datti ya koma sayen kayan daga wata ƙasa mai sassaucin doka, shi ma haka. Tambayar da nake ganin ta fi tona gaskiya ita ce a nemi adadin sharar da ake samu a kan kowane tan na kaya, bara da bana, kafin a yi mata wani magani.

Sauya sinadari da wani ma yana da nasa tarkon. Iskar CFC ta shigo firji a shekarun 1930 a matsayin mafita, domin ba ta kama wuta kuma ba ta da dafin amoniya da makamantanta da ake amfani da su a lokacin. Sai bayan shekaru arba'in aka gane tana cinye rufin ozon da ke kare duniya daga ɓangaren hasken rana mai cutarwa, aka yi yarjejeniyar Montreal a 1987 don daina ta. Iskar HFC da ta gaje ta ba ta taɓa ozon, amma tana riƙe zafi a sararin sama fiye da hayaƙin kabon sau ɗaruruwa zuwa dubbai, har sai da ƙasashe suka sake zama a Kigali a 2016 suka amince a rage ita ma.