Me ya sa jirgin alhazai ba ya sauka a Zariya?

Duk wanda ya zauna a Palladan ko Samaru ya saba da ƙarar ƙananan jiragen Kwalejin Horar da Matuƙa Jiragen Sama, wadda aka kafa tun 1964. Shi ya sa idan lokacin aikin Hajji ya zo, za ka ji dattijo yana tambaya: ga filin jirgi a ƙofar gida, don me za a kwashe mu zuwa Kaduna ko Kano? Amsar tana cikin wata ƙa'ida da duniya ta yarda da ita.

Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, wato ICAO, mai hedikwata a Montreal ta ƙasar Kanada, ita ce ke tsara ma'aunin gina filayen jirage a kundinta na 14. A Najeriya kuwa hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, wato NCAA, ce ke tabbatar da an bi shi, a ƙarƙashin sashe na 12 na dokokinta. Abin da kundin ya ce a taƙaice shi ne, kafin a zuba kwalta sai an fara sanin jirgi mafi girma da zai riƙa amfani da filin, kamar yadda tela ba ya sa almakashi a shadda sai ya auna kafaɗar mai riga.

Kowane fili ana ba shi lamba da harafi. Lambar, daga 1 zuwa 4, tana nuna tsawon titin da jirgi ke buƙata kafin ya ɗaga: ƙasa da mita 800 lamba 1 ce, mita 1,800 zuwa sama lamba 4. Harafin kuma, daga A zuwa F, faɗin fukafukai ne daga wannan baki zuwa wancan. Jirgin koyon tuƙi irin Diamond DA40 bai kai mita 15 ba, saboda haka A ne. Boeing 737 da ake hawa zuwa Legas yana ajin C, wato mita 24 zuwa 36. Boeing 747-400 da ya daɗe yana jigilar alhazai faɗinsa mita 64.4 ne, ajin E. Airbus A380 mai kusan mita 80 shi ne a F. Don ka san ƙa'idar ba ta wasa ba ce, kamfanin Boeing da kansa ya yi wa sabon jirginsa 777X bakin fiffike mai naɗewa, ta yadda idan ya sauka zai koma ƙasa da mita 65, ya shiga wuraren da aka gina wa ajin E.

Akwai wani lissafi da ya shafe mu kai tsaye. Tsawon titin da aka rubuta wa jirgi, an auna shi ne a gaɓar teku cikin sanyi. Idan gari yana kan tudu, iska tana yin sakayau, injin ba ya samun ƙarfinsa duka, fiffike ma ba ya kama iska da wuri. Don haka ake ƙara kashi 7 cikin ɗari a kan kowace mita 300 ta tudu, sannan a ƙara kashi 1 cikin ɗari a kan kowane digiri na zafi da ya haura ma'aunin da aka ɗauka. Zariya tana sama da teku da fiye da mita 600, ga kuma zafin bazara da kowa ya sani. Titin da zai wadatar da jirgi a Legas, a nan sai an ƙara masa tsawo sosai.

Faɗin titi kuwa ya dogara ne da tazarar tayoyin jirgi, kuma manyan jirage mita 45 suke so. Hanyar da jirgi ke gangarawa daga titi zuwa wurin fakin tana farawa daga mita 7.5 ga ƙanana har mita 23 ga manya. A farfajiyar da ake ɗaukar fasinja, ana barin mita 4.5 tsakanin jirgin ajin C da duk abin da ke kusa da shi, manya kuma mita 7.5. Sannan kwaltar kanta sai ta iya ɗaukar nauyin.

Amma abin da ya fi damuna shi ne filin da ba kwalta a kansa. Ƙa'idar ta ce a manyan filayen da ake sauka da na'ura, a bar mita 140 a kowane gefe daga tsakiyar titi, a bar mita 60 a ƙarshensa, sannan a ƙara aƙalla mita 90 bayan wannan, ana ma son ya kai 240, don jirgin da birki ya ci amanarsa ya samu inda zai tsaya. Mai wucewa zai ga ciyawa ce kawai, ya ce ana ɓarnar fili alhali mutane na neman wurin gini. Wannan ciyawar rayukan fasinjoji take tsarewa, tare da na mutanen unguwar da ke makwabtaka. Haka ma sararin sama a gaban titi: dogon bene ko ƙarfen sabis na waya ba a kafa shi kusa da filin jirgi sai da izinin NCAA.

Idan muna son wata rana babban jirgi ya sauka a Zariya, sai an tsawaita titi, an faɗaɗa gefensa, an ƙarfafa kwalta, kuma duk wannan fili yake ci. Kowane fuloti da aka yanka a bakin shinge yau, gobe sai an biya diyya an rushe shi, ko kuma aikin ya tsaya. Wanda dillali ya kai shi ganin fuloti a wannan yanki, ya fara tambayar iyakar filin jirgi da tsawon ginin da aka yarda a yi a wurin kafin ya ba da kuɗinsa.