Dokokin hana tura imel barkatai: wa suke kamawa, wa suke karewa?

Shin talla ta imel aka haramta?

A'a. Abin da ake yaƙa shi ne cika wa mutum akwati da saƙon da bai nema ba, ko ɓoye masa wanda ya aiko. Amma kowace ƙasa da tsarinta. A Amurka, dokar CAN-SPAM ta 2003 ta yarda ka aika wa wanda bai taɓa jin sunanka ba, muddin ba ka yi ƙarya a taken saƙon ba, ka rubuta adireshinka na zahiri, ka kuma bar masa hanyar cewa a daina. Da ya ce a daina, kwana 10 na aiki ke gare ka. Tarayyar Turai da Kanada sun fi tsauri: sai ka nemi izini tukuna. Dokar Kanada ta fara aiki a 2014, ta kare bayanan mutane a Turai (GDPR) kuma a 2018.

To, me ƙaramin ɗan kasuwa zai ji tsoro?

Tara. A Amurka kowane saƙo guda da ya saɓa wa doka na iya jawo tarar sama da dala 50,000. A Kanada ana iya cin kamfani har dalar ƙasar miliyan 10. Gaskiya ba kasafai ake kai ƙaramin mai sana'a wannan matakin ba, sai dai akwai wahalar da ba a faɗi. Babban kamfani na da lauyoyi da ma'aikata masu lura da wannan. Mai aiki shi kaɗai kuwa shi zai ajiye shaidar ranar da kowane abokin ciniki ya amince, da ta wace hanya. In aka tambaye shi ya ce ai da baki suka yi, ya shiga uku.

Akwai ɗan sassauci. A Kanada wanda ya saya a wurinka ana ɗauka ya yarda har tsawon shekara 2. Turai ma ta bari ka tallata wa tsohon abokin ciniki kaya irin wanda ya saya, in dai ka ba shi damar ƙi.

Sayen jerin adireshin imel na mutane fa?

Asarar kuɗi ce. Mutanen ba su san ka ba, da yawansu za su danna maɓallin ƙorafi, kuma wannan ƙorafin ya fi tarar gwamnati saurin kai ka ƙasa. Tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka gindaya wa masu aikawa da yawa sharuɗɗa (a Gmail, saƙo 5,000 a rana): su tabbatar da asalinsu, su sa hanyar ficewa da dannawa ɗaya, kada masu ƙorafi su kai kashi 0.3 cikin ɗari. Wato mutum 3 cikin 1,000 sun isa. Ba kotu, ba sammaci; kawai saƙonka ya daina isa, har da rasidin da mai saye ke jira.

In dokar na aiki, me ya sa har yanzu akwatina ke cika?

Domin doka tana kama mai suna da adireshi ne. Ɗan damfarar da ke wata ƙasa, yana aikawa ta kwamfutocin mutane da ya yi wa kutse, ko a jikinsa. Shi manhajar tacewa ce ke tare shi, ba alƙali ba. A ganina nan ne raunin dokokin yake: nauyinsu ya fi sauka a kan mai son bin ƙa'ida.

In danna "a cire ni" ko in ƙyale?

In kamfanin da ka sani ne, ka taɓa saye a wurinsu, danna. Doka ta tilasta musu. In baƙon suna ne da alƙawarin kyautar da ba ka shiga gasarta ba, kada ka taɓa komai a ciki, don dannawar na iya nuna musu adireshin na da rai. Tura shi akwatin tarkace kawai.