PhET a aji: tambayoyin da malaman kimiyya ke yi

Mene ne PhET?

Shafin intanet ne na Jami'ar Colorado da ke Boulder a Amurka. Carl Wieman, wanda ya ci kyautar Nobel ta fiziks a 2001, shi ya kafa shi a 2002. Yana ɗauke da gwaje-gwajen kwaikwayo sama da 100 a fiziks, kimistiri, lissafi da ilimin halittu, kuma a shafin kyauta ne. Ba bidiyo ba ne da za a zauna ana kallo. Ɗalibi ne zai ja, ya haɗa, ya sauya, ya ga abin da zai biyo baya.

Me zai ƙara wa darasin da na saba yi da alli?

Ɗauki darasin lantarki. Shekara da shekaru muna zana batir da ƙwan fitila a allo, yara suna kwafa, ba wanda ya ga wuta ta kama. A gwajin haɗa layin lantarki na PhET mai suna Circuit Construction Kit, yaro zai ja batir da wayoyin wuta da ƙwai biyu ya haɗa da hannunsa. In ya jera ƙwayayen a layi ɗaya, haskensu zai dushe, kuma da ya cire ɗaya, ɗayan ma ya mutu. In ya ba kowanne hanyarsa, haske zai cika, ya cire ɗaya, ɗayan ko a jikinsa. Nan take zai gane dalilin da ya sa ƙwan ɗaki ɗaya ke ƙonewa a gida amma sauran ɗakuna na da haske. Wanda kuma ya haɗa bakuna biyu na batir ɗaya da wayar wuta kai tsaye, sai ya ga batirin ya kama da wuta a allon kwamfuta. Ajin zai kece da dariya, amma ba za su manta ba.

Makarantarmu ba intanet, yaya ke nan?

Sau ɗaya kake buƙatarsa. Sauke gwajin a matsayin fayil guda, daga baya zai buɗe a kwamfuta ko da babu data. In kwamfuta ɗaya ce ga yara tamanin, a raba su rukuni-rukuni, su riƙa zuwa bi da bi.

Ba zai mayar da yara 'yan kallo ba?

Zai iya, in malam ne kaɗai ke taɓawa. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa. Kafin a danna komai, tambaye su: "In na cire wannan ƙwan, me zai faru?" Kowa ya rubuta hasashensa a littafi, a ɗan yi gardama, sannan a gwada. Wanda hasashensa ya karye shi ya fi kowa koyo a ranar.

To a rufe ɗakin gwaji ke nan?

A'a. A jarrabawar aikin hannu ta WAEC da NECO, kayan gaske ɗalibi zai riƙe: ma'aunin wuta, kwalbar awo, sinadari mai ƙona yatsa. Allon kwamfuta ba ya koya wa hannu yadda ake ɗiga ruwa ɗigo-ɗigo har launi ya canza.