Hoda mai danshi: mazubinta da yadda ake shafa ta

Hoda mai danshi nau'in hodar kwalliya ce da ke ɗauke da ruwa mai yawa, amma a ido gari ce mai zuba kamar kowace hoda. Sai an danna ta a fata ruwan yake fita, a ji sanyi, sannan ta bushe ta bar ɗan siririn shafi. Ruwan yakan kai rabin nauyinta, wani lokaci ya haura haka nesa. Ana yin ta domin fuska, a ɗora a kan fandeshan, wato shafin da ake fara yi don daidaita launin fata, ana yin ta da launi domin kunci da fatar ido, akwai kuma ta gashi wadda ake barbaɗawa a gindin gashi don ya tashi ya yi kauri.

Ba ita ce busasshiyar hodar da ake shafawa da jiƙaƙƙen soso ba, irin Pan-Cake ta kamfanin Max Factor da ta shiga kasuwa a 1938. A can ruwan daga waje yake zuwa. Ba kuma fandeshan ɗin da ake jiƙa soso da shi a cikin gwangwani ba ne, wanda kamfanin AmorePacific na Koriya ta Kudu ya fito da shi a 2008, domin wannan ruwa-ruwa ne, ba gari ba.

Yadda ruwa ke zama cikin gari

Asirin abin yana ga wani farin gari mara nauyi da ake kira silika, wanda ake samu ta hanyar ƙona wani sinadari mai ɗauke da silikon a harshen wuta. Harry Kloepfer na kamfanin Degussa a Jamus ne ya ƙirƙiro shi a 1942, aka sa masa suna Aerosil. Ƙwayoyinsa ƙanana ne ƙwarai, daga nanomita 7 zuwa 40 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). A asalinsa yana shan ruwa, amma idan aka lulluɓe ƙwayoyin da wani sinadari sai su koma ƙin ruwa, ɗigo ya riƙa gangarawa a kansu kamar yadda yake yi a ganyen gwaza. A jerin kayan haɗi da ke jikin kwali ana rubuta irin wannan silika Silica Silylate ko Silica Dimethyl Silylate, ruwan kuma Aqua. Idan Aqua ce ta farko a jerin alhali abin da ke cikin mazubin gari ne, to hoda mai danshi ce.

Idan aka kaɗa ruwa da wannan silika da ƙarfi, ruwan yana tarwatsewa ya zama ɗigo-ɗigo masu faɗin gomman maikuromita (maikuromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), silika ta rufe kowane ɗigo ta hana shi haɗuwa da na kusa da shi. Degussa ta sami rajistar mallakar wannan fasaha a Amurka a 1968, masana kuma suna kiran abin busasshen ruwa. A ɗakin gwaji ana haɗa giram 95 na ruwa da giram 5 na silika, a kaɗa a injin markaɗe mai juyi kusan 19,000 a minti na tsawon daƙiƙa 90. Idan kaɗin ya yi rauni, ruwa da gari kowa zai zauna wurinsa. Idan ya wuce kima, silikar za ta nutse cikin ruwan a sami kirim a madadin gari, kuma ba ya komawa.

A masana'antar kwalliya ana ƙara gilisarin domin ya rage saurin bushewa, a ƙara maganin hana lalacewa, wasu kuma suna kaurara ruwan da ƙaro irin su aga don ɗigon ya fi jure matsi. Launi da sauran gari, kamar maika, wato garin wani ma'adini mai ƙyalli, da tsatsar ƙarfe mai ba da ja da rawaya da baƙi, sai daga baya ake zuba su a juya a hankali, kuma su ma dole a lulluɓe su da abin ƙin ruwa, in ba haka ba za su tsotse ruwan su dunƙule. Akwai abubuwan da haɗin ba ya ɗauka ko kaɗan. Ƙarfin da ke riƙe fuskar ruwa ya kai kimanin 72 a ma'aunin miliniyutan kan mita, na gilisarin ya ɗan haura 60, na sifirit kuwa kusan 22 ne. Duk abin da ya sauke wannan ƙarfi sosai, sifirit ko sabulu ko turare mai yawa, zai sa ruwan ya jiƙa silikar, bangon ɗigon ya rushe. Mai ma haka yake yi, domin silikar da ke ƙin ruwa tana shan mai.

Mazubi

Mai ƙera mazubin wannan hoda yana tsakanin abubuwa biyu da ba sa jituwa. Bangon silika yana hana ruwa zuba amma ba ya hana shi tashi ya bi iska, saboda haka dole mazubin ya rufu ruf. A ɗaya ɓangaren kuma duk abin da zai matse garin ko ya murza shi wajen fitarwa zai fasa ɗigon tun kafin ya isa fata. Wannan ne ya sa ba a danne ta a faranti kamar hodar da aka saba sawa a jaka. A sake take zuwa. Ko a wurin cikawa, injin da ke tura gari da dunƙulen ƙarfe mai juyawa yana iya fasa ta, don haka an fi son cikawa ta hanyar girgiza ko barin garin ya zuba da kansa.

Mazubin hodar fuska yakan ƙunshi kwanon da garin ke ciki, da rariya a samansa, da murfin ciki mai zoben roba, da murfin waje mai murɗawa. Sabo yakan zo da takardar alminiyam manne a baki ko a kan rariyar. Rariyar iri biyu ce. Akwai ta roba mai tauri mai ramuka, wadda sai an kifa mazubin an bubbuga kafin gari ya fito. Akwai ta raga mai laushi, ta zaren nailan ko foliyesta, wadda ake danna burushi a kanta garin ya ɓullo ta ƙasa. Ta ragar ta fi iya taƙaita abin da ke fitowa, amma tana da nata aibin: wanda ya danna da ƙarfi yana matse garin tsakanin raga da gindin kwano, ruwa ya fita ya jiƙa zaren, idanun ragar su toshe. Hodar Hydra-Mist ta kamfanin Becca, wadda kamfanin ya ce rabinta ruwa ne da gilisarin, da raga da murfin ciki mai ɓallewa ta zo, kafin a rufe kamfanin a 2021.

Murfin ciki shi ne sashen da aka fi rainawa, alhali shi ke tsare hodar. Ƙwayoyin gari kaɗan da suka kwanta a kan zoben roba sun isa su hana shi mannewa, su bar ƙofar da tururi zai riƙa sulalewa dare da rana. Mutane da yawa kuma cire shi suke yi su yar, suna zaton kayan kariyar sufuri ne.

Irin robar ma tana da tasiri. Folifurofilin da folitin mai kauri suna tare tururin ruwa sosai, shi ya sa da su ake yin kwanon ciki. Robar da ke ɗaukar ido kamar gilashi, irin folisitirin da akirilik, tana barin tururi ya ratsa ta fiye da su, don haka kwalliyar waje kawai ta dace da ita. Ƙarfe mai tsatsa ba shi da wuri a ciki. Kafin a saki kaya, ana ajiye cikakkun mazubai a zafin digiri 40 zuwa 45 na wasu watanni ana auna nauyinsu, domin duk giram ɗin da ya ɓace ruwa ne ya gudu. Ana kuma jijjiga su a inji don a ga ko za su jure tafiyar mota da jirgi.

Hodar gashi ta fi zuwa a ƙaramar kwalba mai ramuka a baki, yawanci giram 10, ko mai famfo da ke hura garin da iska. Famfon yana raba garin da kyau, sai dai yana tayar da ƙura kusa da hanci.

Shafawa

A fara barin abin da ke fuska ya zauna. Man shafawa ko fandeshan mai maiƙo da bai gama shiga ba yana fasa ɗigon a daidai inda burushi ya fara sauka, sai hodar ta manne a nan ta ƙi bazuwa. Idan fuska tana gumi a dafe ta da tishu tukuna.

Ɗan kaɗan ake ɗauka. A mazubi mai raga, a dafa burushi sau ɗaya ko biyu a hankali. A mai ramuka, a bubbuga gari kaɗan cikin murfin waje, a rufe na ciki nan take, sannan a ɗiba daga murfin. Abin da ya saura a murfi ba a mayar da shi ciki, domin ya riga ya taɓa burushin da ya taɓa fata.

Burushi mai gashin roba ya fi na gashin dabba, saboda gashin dabba yana shan ruwa, ya daskare ya yi tauri. Dole kuma ya zama busasshe. Jiƙaƙƙen soso, wanda yake taimakon sauran hodoji, a nan ɓarna yake yi, domin garin yana narkewa a jikin soson kafin ya kai fuska. Ana dafawa ne a ɗaga, ko a mirgina burushin a hankali. Gogewa da kewayawa da ƙarfi suna sakin ruwa da yawa a wuri guda, ruwan ya motsa fandeshan ɗin da ke ƙasa, a tashi da zane-zane. Sanyin da ake ji na ruwan da ke tashi ne, domin kowane giram yana ɗauke zafi mai yawa daga fata. A jira sanyin ya wuce kafin a ƙara wani shafi, in ma ana bukata. Tara hoda a ƙarƙashin ido a bar ta ta jima, kamar yadda masu kwalliyar amare suke yi da busasshiyar hoda, bai dace da wannan ba: tana curewa a cikin layukan fata.

Masu baƙar fata suna da ƙarin abin lura. Silika tana mayar da hasken kyamara, kuma inda ta taru za ta fito fari fat a hoto ko da ido bai ga komai a madubi ba. Hoto ɗaya da filasha kafin a fita yana nuna inda ake bukatar kakkaɓewa. A kuma guji shaƙar ƙurarta. Wannan silika ba mai ƙirar ƙanƙara ba ce irin wadda ke lalata huhun masu fasa dutse, amma garinta yana da laushin da ke saurin tashi, yana sa tari da ƙaiƙayin ido.

Abin da ke lalata ta

Mazubi mai giram 10 wanda rabinsa ruwa ne yana ɗauke da kusan cokalin shayi ɗaya na ruwa, kuma ba wuya ya ƙare. A lokacin hunturu a ƙasar Hausa, da iska take bushewa ƙayau, murfin da aka bari a buɗe yayin da ake gama kwalliya yana cin rabonsa kowace rana. Alamun bushewa su ne sanyin ya daina jiyuwa, garin ya yi sauƙi yana tashi sama, ya kuma fi barin fari a fata. Zuba mata ruwa ba ya gyara ta. Ruwan zai tsaya a sama yana gangarawa, tunda sai da kaɗin inji yake shiga cikin silika, ga kuma ƙwayoyin cutar da ya shigo da su.

Zafi yana ɓata ta ta wata hanyar ko da murfi a rufe. A mota ko a bakin taga, ruwan yana tashi ya taru a ƙarƙashin murfi, ya ɗigo ya koma cikin garin ya yi ƙullutai. Jijjiga a cikin jaka ma tana haɗa ɗigon da juna har a ga jiƙaƙƙen curi a gindi. Wuri mai inuwa, mazubin a tsaye, shi ne ajiyarta.

Busasshiyar hoda tana daɗewa saboda ƙwayoyin cuta ba sa hayayyafa inda babu ruwa. Masana suna auna ruwan da ƙwayoyin za su iya amfani da shi daga 0 zuwa 1: ƙasa da 0.6 babu mai tsirowa, yawancin bakteriya kuwa sai sama da 0.9. Hoda mai danshi tana can sama, saboda haka a sha'anin tsafta ana ɗaukarta kamar kirim. Tana bukatar maganin hana lalacewa irin su sodiyam benzowet, da gwajin da ake zuba ƙwayoyin cuta da gangan a ga ko maganin zai kashe su, wanda ƙa'idar ISO 11930 ta tsara. Matsalar mai haɗawa ita ce wasu magungunan suna sauke ƙarfin fuskar ruwa, saboda haka ba kowanne ke zama a ciki ba. A jikin kwali akwai hoton buɗaɗɗen kwano da lamba, kamar 6M ko 12M, wato watannin da za a yi amfani da ita bayan an buɗe. A Nijeriya kayan kwalliya suna cikin abin da hukumar NAFDAC take yi wa rajista, don haka a duba lambarta. Ba a sa yatsa a ciki, burushi kuma a wanke shi ya bushe sarai kafin ya koma kan raga. Mai yi wa mutane da yawa kwalliya ta zuba wa kowa nasa a faranti mai tsafta. Idan warinta ya sauya, ko aka ga ɗigon fumfuna, ko ruwa ya kwanta a gindi, a zubar da ita gaba ɗaya, domin kwashe saman ba ya raba ta da abin da ya riga ya shiga ruwan.