Sola a Motar Tafi-da-Gidanka: Tambayoyin da Na Gaji da Amsawa

Masu motar kwana da masu ɗakin da ake ja a bayan mota, tambayoyinku ɗaya ne kullum. Ga amsoshin, a karanta kafin a sake turo mini.

Sola na ba da wuta da dare?

A'a. Batir ke ba da wuta da dare, farantin sola aikinsa cika batir da rana.

Zan iya haɗa faranti da batir kai tsaye?

Kada ka kuskura. Farantin da ake kira na bolt 12 yakan fitar da kusan bolt 18, in babu kwantirola, wato na'urar da ke daidaita cajin batir, a tsakani zai yi ta ɗura wuta har ya kashe batirin. Batir ake fara haɗawa da kwantirola, faranti ya biyo baya. Kuma a sa fiyus dab da kan batir. Mai tsallake fiyus, gobara yake gayyata cikin ɗakin da yake kwana.

Wace irin kwantirola zan saya, PWM ko MPPT?

MPPT, sai dai in ƙaramin faranti ɗaya gare ka.

Faranti nawa zai ishe ni?

To, ga wadda ba ta da amsa ɗaya, duk wanda ya yanke maka adadi bai tambayi kayanka ba, cika baki yake yi. Ɗauki takarda. Kowane abu da za ka kunna, duba wat ɗinsa, ka ninka da awannin da zai yi aiki a yini. Misali: fanka mai wat 20 na awa 8, wat-awa 160 ke nan. Fitilu wat 10 na awa 5, ga 50. Cajin waya da kwamfuta, a ce 100. Ƙaramin firij mai bolt 12 ba ya aiki dare da rana ba hutu, yana tashi yana tsayawa, amma a zafi zai iya shan 500. Jimla kusan 800.

Yanzu ɓangaren faranti. Mai wat 100, a wurin da ake samun awa 4 na rana mai ƙarfi, a lissafi 400 ne. A zahiri, bayan asarar wayoyin wuta da kwantirola da zafi, ka sa ran kusan 300, musamman da yake a kwance yake kan rufi, ba ya fuskantar rana yadda ya kamata. Ke nan faranti 3 za su riƙe wannan misalin. Za su riƙe, in akwai rana. In hadari ya rufe sama kwana biyu, ko ka faka ƙarƙashin bishiya don neman sanyi, lissafin ya rushe. Inuwar reshe ɗaya kan gefen faranti na iya zaftare fiye da rabon wurin da ta rufe, in kuma an jera farantan a layi ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, sai ta ja sauran ƙasa.

Shi ya sa nake cewa batir ya fi faranti muhimmanci. Batir 100Ah (Ah shi ne ma'aunin cajin da batir ke riƙewa) na bolt 12 yana ɗauke da wat-awa 1,200. In na dalma ne, irin mai asid, rabi kawai za ka ci, in ka saba wuce haka ba zai daɗe ba. In lithium ne irin LiFePO4, kana iya cin kusan 1,000. Mai yawan tuƙi yana iya rage faranti, ya sa caja ta DC-DC, wadda ke cajin batirin daga wutar mota, injin mota ya taimaka. Mai zama mako guda wuri ɗaya, ya ƙara. Rufin ma yana da iyaka, ka auna shi kafin ka sayi abin da ba zai shiga ba.

Zai ɗauki na'urar sanyaya ɗaki?

Irin ta saman rufi na shan fiye da wat 1,000 tana aiki, lokacin tashi kuma ta fi haka. Batir 100Ah ɗaya, awa guda ta cinye shi. Ana yi, amma da tarin batura da babbar inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida. Yawancinku fanka ce daidai ku.

An rubuta wat 200 a jikin faranti, ina ganin 150. An cuce ni?

Kwantar da hankalinka. Wancan adadin a ɗakin gwaji aka samo shi, faranti na kan digiri 25. A kan rufi yana zafi fiye da haka nesa, zafi kuma yana rage ƙarfinsa. Bar 'yar tazara a ƙarƙashinsa iska ta ratsa.

Batirina na ƙarewa ban kunna komai ba.

Ka bar inbata a kunne. Tana shan wuta ko ba a jona mata komai ba. Kashe ta.

Lithium na jure sanyi?

Kada a yi masa caji ƙasa da digiri 0, sai in yana da abin ɗumama kansa ko na'urar da ke yanke cajin.

Sai na riƙa wanke faranti?

Eh. Ruwa da tsumma mai laushi, da safe kafin ya yi zafi.