Mene ne ATR, amsar farko da kati ke ba na'ura?

Wannan ɗan ƙarfe mai ruwan zinare da ke jikin katin ATM ko layin waya fuska ce kawai. A ƙarƙashinsa akwai 'yar mitsitsiyar kwamfuta wadda ba ta da batir, kuma ba ta taɓa fara magana. Idan mai POS ya zura katin, na'urar ce ke ba shi wuta ta ɗaya daga cikin yankunan ƙarfen, ta aika masa bugun agogo (bugun lantarki da ke ƙidaya masa lokaci) ta wani, sannan ta tashe shi ta na uku. Abin da katin ya fara faɗa bayan tashin nan shi ake kira ATR (Answer To Reset a Turance, wato amsar da ke biyo bayan tashi). Kamar amsa sallama ce, sai an yi ta ake shiga zance.

Ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai suna ISO/IEC 7816-3 ce ta tsara ta. ATR ba ta wuce bayit 33 (bayit ɗaya jeri ne na sifili da ɗaya guda takwas, irin rubutun kwamfuta), kuma dole katin ya soma bayar da ita tsakanin bugun agogo 400 zuwa 40,000 bayan an tashe shi. Bayit na farko ko dai 3B ne ko 3F, shi ke nuna wa na'ura yadda za ta karanta sifili da ɗaya. Na bayansa su faɗi saurin da katin zai iya, da tsarin da yake bi: T=0, inda ake aika bayit ɗaya bayan ɗaya, ko T=1, inda ake aika su a dunƙule. Sai wasu da ba su wuce 15 ba, waɗanda galibi ke bayyana irin katin da manhajar cikinsa.

Ya kamata kowane mai kati ya san wannan: babu lambar asusu ko lambar sirri a cikin ATR. Zancen kuɗi sai daga baya, lokacin da na'ura ta fara aika umarni da ake kira APDU. Takan nemi manhajar biyan kuɗi da lambarta (ta Visa tana farawa da A000000003, ta Mastercard kuma A000000004), katin ya rufe amsarsa da 90 00 idan komai ya tafi daidai.

Shi ya sa in ƙarfen ya yi dauɗa ko ya karce, amsar ba ta isa daidai, na'ura ta ƙi karanta katin tun kafin a je ga banki. Mai POS da ke goge shi a jikin rigarsa ya sake zurawa yana da hujja, domin kowace zurawa sabon tashi ce da sabuwar ATR.